Wane fim ɗin kaboyi ne ya fi duka, kuma da me ake aunawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Gardama ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisarmu. Yawancinmu mun tsaya a kan cewa a fina-finan kaboyi babu kamar The Good, the Bad and the Ugly. Wani daga cikinmu ya ce ya ga jerin da masana suka fitar, wai The Searchers ne na ɗaya. Muka nemo shi muka kalla, sai muka ga tsohon fim ne mai sanyi, harbin ma bai taka kara ya karya ba. Shin masanan ne suka yi son rai, ko mu ne ba mu iya kallo ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga dukkan alamu jerin da abokinku ya gani shi ne wanda cibiyar fina-finai ta Amurka, AFI, ta fitar a 2008. The Searchers ne a sama, High Noon na biye da shi, sai Shane, sai Unforgiven, sai Red River. Abin da ya kamata ku sani shi ne jerin na fina-finan Amurka ne zalla. Gwanin naku kuwa fim ɗin Italiya ne, Sergio Leone ya shirya shi a 1966, aka ɗauki yawancinsa a Sifaniya. Ke nan ba kayar da shi aka yi ba, tun farko ba a kira shi filin kokawar ba. Kuma jerin ba wahayi ba ne. Na goma a cikinsa Cat Ballou ne, fim ɗin barkwanci na 1965, alhali an bar Rio Bravo da The Man Who Shot Liberty Valance a waje, wanda ko makaho ya shafa ya san da sake.

Sai dai hakan bai raba gardamar ba. Mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda duk shekara goma take tara ƙuri'un masu sharhin fim na duniya ba tare da ware ƙasa ba, ta sa The Searchers na 7 a duk fina-finan duniya a 2012, na 15 a 2022, kuma babu fim ɗin kaboyin da ya sha gabansa. Ni ma a nan na tsaya. The Searchers ne na ɗaya a wurina, Once Upon a Time in the West na biyu. Gwaninku ya fi su duka daɗin kallo, amma daɗi daban, nauyi daban.

Kafin a auna abu sai an san abin da ake aunawa. Zamanin da waɗannan fina-finai ke ba da labarinsa gajere ne ƙwarai, daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1890. A 1862 aka yi dokar da ke ba mutum eka 160 idan ya zauna a kai ya noma shekara 5. A 1869 layin dogo ya haɗa gabas da yamma. A 1874 aka yi rajistar waya mai ƙaya, wadda da ita manoma suka killace filayen da shanu ke yawo a da. Shi kansa kaboyi makiyayi ne ɗan ƙwadago: mahaya 10 zuwa 12 su kora garken shanu 2,000 zuwa 3,000 daga Texas zuwa tashar jirgi a Kansas, suna cin mil 10 zuwa 15 a rana don kada dabbobin su rame. Da yawansu 'yan Meziko ne da baƙaƙen fata, abin da tsofaffin fina-finan suka share. Duk wannan kuwa ana yin sa ne a kan ƙasar mutanen da 'yan kallonmu suka saba kira Indiyawan daji, alhali su ne masu gida.

Saboda haka fim ɗin kaboyi na kirki ba a kan harbi yake ba. Tambayarsa ita ce: a inda hukuma ba ta ƙaraso ba, ƙasa ta wa ce, ruwa na wa ne, wa zai tsaya wa mai rauni, kuma idan mai bindiga ya gama aikin da aka kira shi ya yi, ina za a kai shi? Daga nan ma'aunin ke fitowa. Ka duba ko hoto na ba da labari ba tare da an buɗe baki ba. Ka duba ko filin da ake ciki yana aiki a labarin, ko kuwa ado ne kawai. Sannan ka duba ko kisa na da nauyi, wato idan an harbi mutum wani abu ya canza a rayuwar waɗanda suka rage.

Ɗauki The Searchers, na John Ford, 1956, minti 119. An buɗe shi da duhu, sai wata mata ta buɗe ƙofa daga ciki, haske ya shigo, can nesa ga mahayi yana tafe. Ethan Edwards ne, wanda John Wayne ya fito a matsayinsa, tsohon sojan ɓangaren da aka ci da yaƙi, ya dawo gidan ɗan'uwansa a Texas a 1868. To ga wurin da yawancin masu kallo ke wucewa ba su lura ba. Washegari da safe, matar ɗan'uwan nasa, Martha, ta shiga ɗaki ɗauko masa rigarsa ta soja. Kafin ta fito sai ta tsaya tana shafa rigar a hankali. Limamin cocin yankin, wanda kuma shi ne kyaftin ɗin dakarun sa-kai, yana tsaye yana kurɓar kofi, ya hango ta ta ƙofa, sai ya kafe idonsa gaba kamar bai ga komai ba, har Ethan ya sumbaci goshinta ya fita. Babu wanda ya taɓa furta kalmar so tsakanin mutanen nan biyu daga farkon fim zuwa ƙarshensa. Amma wanda bai kama wannan 'yar fitowar ba, ba zai gane haukan da ya biyo baya ba.

Mayaƙan Comanche, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, suka far wa gidan, suka kashe Martha da mijinta da ɗansu, suka tafi da 'yan mata biyu. Ford bai nuna harin ba. Abin da ya nuna shi ne babbar yarinyar tana ƙwalla ihu lokacin da ta gane dalilin da ya sa aka hana kunna fitila, sai kuma inuwar mutum da ta rufe ƙaramar, Debbie, inda aka ɓoye ta a maƙabartar gidan. Wannan ne kuka kira sanyi. Ai da gangan ne, don abin da zuciya ta zana ya fi abin da kyamara za ta nuna muni.

Shekara 5 Ethan na neman Debbie, kuma a hankali mai kallo ke gane ba ceto ya fita yi ba. Tunda ta girma ta zama matar shugaban Comanche, a wurinsa ta ƙazantu, kashe ta zai yi. Martin, yaron da gidan suka riƙa, yana biye da shi ne don ya kare yarinyar daga baffanta. Akwai inda suka tarar da gawar wani Comanche, Ethan ya zare bindiga ya harbe idanun gawar, ya ce a imaninsu marar ido ba ya shiga lahira, sai dai ya yi ta gararamba. Dubi irin wannan ƙiyayya, ta mutumin da ya san al'adar abokin gabarsa ciki da bai. Wannan fa John Wayne ne, jarumin da Amurkawa ke gani a matsayin hoton kansu, aka mai da shi abin tsoro a 1956. A ƙarshe da ya cim ma Debbie sai ya ɗaga ta sama kamar yadda ya yi tana ƙarama, ya ce su tafi gida. Kowa ya shige ɗaki, shi ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da gwiwar hannunsa, ya juya ya koma cikin ƙura, ƙofar ta rufe. Gidan da ya ceto ba shi da wurin zama a cikinsa.

Aibinsa kuwa ba a ɓoye yake ba. Barkwancin da aka cusa a tsakiya, musamman damben ranar biki, yana sassauta igiyar labarin. Fitowar da aka hamɓare wata mace 'yar ƙabilar ta gangara tudu don a ba 'yan kallo dariya abin kunya ce. Shugaban Comanche ɗin, Henry Brandon ne ya fito, haifaffen Jamus mai shuɗin ido, sauran mayaƙan kuma 'yan wata ƙabila ce daban, Navajo. Duwatsun nan masu kama da hasumiya ba a Texas suke ba, Monument Valley ne, a iyakar Arizona da Utah, wurin da babu mai hankalin da zai kafa gona. Hatta bindigogin sun riga zamaninsu: ana labarin 1868 da Colt ƙirar 1873 da Winchester ƙirar 1892. Duk da haka ginshiƙin bai girgiza ba.

Yanzu ga gwaninku. Ba a banza 'yan kallon ƙasar Hausa suka fi riƙe Leone ba. Tun zamanin da sinimomin Kano irin su Palace da Plaza ke nuna kaboyi, mai kallo ba ya bukatar Turanci ya fahimci mutumin da ke magana da ido da bakin bindiga. Har a Nijar, a 1966, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka addabi ƙauye. Rashin yawan magana a fina-finan Leone yana da dalili na aiki. A Italiya ta lokacin ba a naɗar murya a wurin ɗauka. Ba'amurke ya yi Turanci, Ba'italiye ya yi yarensa, ɗan Sifaniya ya yi nasa, daga baya a ɗora muryoyi a situdiyo. Shi ya sa leɓe da magana ba sa haɗuwa. Wanda ya san haka dole ya jingina da fuska da sauti.

Akwai kuma batun kyamara. Don rage kashe kuɗi, Leone ya yi amfani da tsarin Techniscope, wanda kowane hoto ke cin huda 2 na zaren fim maimakon 4, ke nan rabin kuɗin zare. Ribar da ta biyo baya ita ce ana aiki da gilashin kyamara na yau da kullum, wanda ke iya kama fuska dab da dab ba tare da ta karkace ba, kuma na kusa da na nesa duk su fito tar a hoto ɗaya. Daga nan aka samu idanun da ke cika allo da mahayi ɗan mitsitsi a bayansu. Hasarar ita ce idan an faɗaɗa hoton yakan yi tsaki-tsaki kamar an watsa yashi.

Ka sake kallon karon ƙarshe a maƙabarta, inda mutum uku ke neman zinariyar dala 200,000. Sojojin Sifaniya ne suka gina maƙabartar da dubban kaburbura a kusa da Burgos, da fili zagayayye a tsakiya kamar dandalin dambe. Ana farawa da hoto daga nesa, ka ga inda kowa ya tsaya. Sai a matso zuwa ƙugu. Sai hannu kusa da bindiga. Sai fuska, sai ido kaɗai. Kowane yanka ya fi wanda ya gabace shi gajarta, kiɗan Ennio Morricone na hawa tare da shi, har wajen minti 5 babu wanda ya motsa, sannan harbi ɗaya ya raba gardama. Daga baya kuma ka gane Clint Eastwood ya riga ya zazzage harsasan bindigar Eli Wallach tun da dare, ke nan mutum ɗaya kawai yake fako, Lee Van Cleef. A gina fargaba babu wanda ya kai nan. Abin da ya rage masa maki shi ne mutanen uku yadda suka shiga haka suka fita. Babu gida, babu gari, babu macen da ke da babban matsayi a labarin, babu abin da aka rasa in ban da kuɗi. Inda fim ɗin ya fi nauyi ma ba a kansu ba ne, a kan yaƙin basasar da suke ratsawa ne: gadar da ɗaruruwa ke mutuwa a kanta a banza, da matashin sojan da ke gargara Eastwood ya lulluɓe shi da rigarsa ya sa masa sigari a baki.

Wannan giɓin Leone da kansa ya cike shi a 1968 da Once Upon a Time in the West. A nan labarin ruwa ne. Wani mutum ya sayi busasshen fili da kowa ke masa dariya a kai, don ya lissafa cewa nan ne kaɗai ke da ruwa a yankin, jirgin ƙasa mai tururi kuma ba ya tafiya sai da ruwa, dole layin dogo ya bi ta ƙofarsa. Aka aiko aka kashe shi da 'ya'yansa. Wanda ya harbe ƙaramin yaron Henry Fonda ne, mutumin da Amurkawa suka saba gani a matsayin mai gaskiya. Ya zo wurin ɗauka da gilashin ido mai ruwan ƙasa don ya yi kama da mugu, Leone ya ce ya cire, shuɗin idon nan da kowa ya amince da shi yake so. Minti 10 na farko babu kiɗa sam: ƙarar fanfon iska, ɗigon ruwa a kan hula, ƙuda a gemu, mutum uku na jiran jirgi. Morricone ya rubuta kiɗan kafin a fara ɗauka, ana kunna shi 'yan wasa na tafiya a kan amonsa. Kuma a tsakiyar labarin mace ce, Claudia Cardinale, wadda a ƙarshe ita ke fita da ruwa ga leburorin layin dogo yayin da masu bindiga ke mutuwa ko su kama gabansu. Wanda ya kalli Sholay na 1975 ya tuna inda Gabbar ya kashe iyalin Thakur ya ƙare da yaro, ya riga ya ga inuwar wannan fim. Aron ma ba daga gefe ɗaya yake ba, don fim ɗin kaboyi na farko da Leone ya yi a 1964 kwafin fim ɗin Japan ne, Yojimbo na Kurosawa, har sai da Japanawa suka kai ƙara.

Sauran zan bi su da sauri. High Noon na 1952 dabararsa agogo ce: minti 85, kusan daidai da lokacin da labarin ke ci, ɗan doka na bi gida-gida neman taimako kowa na zamewa. Yana da kyau, amma darasinsa a fili yake, kallo na biyu ba ya ƙara maka komai. Darakta Howard Hawks da Wayne ba su so shi ba, suka mayar da martani da Rio Bravo a 1959, inda ɗan dokan ke korar masu son taimaka masa don ba su iya ba. Red River na 1948 shi ya fi kowa nuna ainihin aikin kora shanu, da tsallake kogi da firgitar garke cikin dare, sai dai ƙarshensa ya yi laushi, gabar da aka gina awa biyu ta narke da faɗan mace ɗaya. Shane na 1953 rikicin manoma da masu shanu ne a Wyoming, wanda ba baƙo ba ne a kunnenmu, illa dai a can masu shanun su ne attajirai masu hayar 'yan bindiga. Ƙarfinsa shi ne ya bar mai shanun ya faɗi hujjarsa, cewa su suka riga zuwa kafin a zo a kafa shinge a tare musu mashaya. The Wild Bunch na 1969 ya canza yadda ake ɗaukar faɗa, kyamarori da yawa kowace da saurinta, a gauraya mai sauri da mai jan jiki wurin tacewa.

Unforgiven na 1992, wanda Eastwood ya shirya kuma ya fito a ciki, shi zan sa na uku. A ma'aunin nauyin kisa babu kamarsa. An harbi wani saurayi a ciki, bai mutu nan take ba, yana kwance bayan dutse yana roƙon ruwa, har wanda ya harbe shin ya ɗaga murya ya ce a ba shi, ba zai sake harbi ba. Yaron da ke cika bakin ya kashe mutum biyar ashe ko nesa ba ya gani, kuma da ya yi kisan farko sai kuka. Ya ci Oscar 4, har da na fim mafi kyau, The Searchers kuwa ko sunansa ba a sa a takara ba, wanda ya isa ya nuna maka kyauta ba ma'auni ba ce. Dalilin da bai hau sama ba shi ne da hasken na baya yake haskawa. Wanda bai san Eastwood na Leone ba, ba zai ji zafin ganinsa tsoho yana faɗuwa a cikin garken aladu ba.

Kafin ku koma gardama, ku gyara yadda kuke kallo, don sau da yawa a nan matsalar take. Ku duba tsawon kwafin. Once Upon a Time in the West cikakke wajen minti 165 ne. Wanda aka fara nunawa a Amurka an datse masa kusan minti 20, kuma bai yi kasuwa a can ba alhali a Faransa ya yi tashe. The Good, the Bad and the Ugly akwai mai minti 161, akwai kuma wanda aka tsawaita a 2003 zuwa kusan awa 3, inda Eastwood da Wallach suka ɗora muryoyinsu suna tsofaffi, wani kuma ya ari muryar Van Cleef da ya rasu a 1989; kunne na jin bambancin, mai 161 ɗin ya fi tsauri. Ku tabbata akwai baƙin layi sama da ƙasan allo a fina-finan Leone. Idan hoton ya cika allo to an yanke gefe da gefe, kuma a karon mutum uku hakan na nufin an jefar da ɗaya. Ku guji kwafin da aka ɗora wa surutun fassara a kan wuraren shiru, don shirun shi ne fim ɗin. Kada kuma a kalli The Searchers a waya. An ɗauke shi da VistaVision don babban allo, kuma a tafin hannu mahayan da ke tsallaka fili ba sa wuce ƙwayar gero.

Sannan ku yi wannan gwajin a majalisa. Ku kashe sauti ku kalli minti 15 na farkon The Searchers, kowa ya faɗi wa ke son wa, wa ke jin haushin wa, wa ke ɓoye wani abu. Ku yi wa gwaninku haka, sannan ku juya, ku kunna sauti ku rufe ido. Za ku tarar rabin ƙarfin Leone a kunne yake, na Ford kuma a inda ya tsayar da mutane cikin ɗaki. In kuna son bin sawun abin daga tushe, ku fara da Stagecoach na 1939, inda Ford ya fara kai Wayne Monument Valley yana saurayi mai fara'a, sannan ku dawo The Searchers ku dubi fuskar mutumin nan bayan shekara 17, musamman inda kyamara ta matso masa bayan ya duba matan da aka ƙwato daga hannun Comanche bai ga Debbie a cikinsu ba.